Wa zai riƙe mata jaririn?

Yau ba maganar riba ko rabon akwati na kawo ba, ko da yake daga bakin akwatin zancen ya taso.

Ƙungiyarmu mu 28 ne, muna zama kowace Alhamis bayan la'asar a wata unguwa ta Maraɗi. Mu 6 Kirista ne, sauran Musulmi, kuma shekara 9 ke nan ba mu taɓa faɗa kan addini ba. In kun ji mun yi faɗa, to kan dala 10 ta tara ne. Dokarmu irin wadda kuka sani ce tun da tsarin Mata Masu Dubara ya fara a jihar nan a 1991: a kira suna, kowa ta ajiye zubinta a gaban jama'a, wadda ta yi fashi ba dalili ta biya tara.

Bara da kaka autar ƙungiyarmu ta haihu, ɗa namiji, haihuwar fari. Shekararta 22, Kirista ce, majami'armu ɗaya da ita. Uwarta ta rasu tun tana budurwa, danginta kuma suna can wajen Dogon Dutsi, don haka ba ta je wankan gida ba. A ɗakin hayar mijinta ta yi jego, wata tsohuwa maƙwabciya tana dafa mata ruwa. Kafin suna ta ɗauki bashin jika 40 a akwati. Mun je suna, fasto ya yi addu'a ya faɗi sunan yaro, mun ci mun sha mun watse. Sati uku na farko tana aiko da zubi ta hannun ƙanwar mijinta. Sai aike ya tsaya. Arba'in ta zo ta wuce, babu ita babu labarinta, ranar Lahadi ma ba na ganinta, ba na ganin mijin.

Ranar da na buɗe littafi zan rubuta mata tara ta uku, ma'ajiyarmu, wadda duk muke kira Hajiya, ta dafa mini hannu. Ta ce: "Shugaba, dakata. Yarinyar ga ba mai wasa da zubi ba ce. Ɗiyarku ce ta wajen addini, abin da za ta faɗa miki ba za ta faɗa mini ba. Tahi ki gano ta tukuna."

Da Asabar na je. Na iske ta zaune bakin gado, ɗan yana kwance a cinyarta, kwanon kunu a gefe ya huce har ya yi fata. Ta rame. Tana ganina ta sunkuyar da kai ta ce: "Inna, maganar kuɗin ce ta kawo ki?" Na ce: "A'a ɗiyata, maigida ƙarami na zo gaidawa." Na karɓi yaron. Ban tambaye ta kome ba, don na san in hannun maijego ya huta, bakinta yakan buɗe da kansa. Can sai ta fashe da kuka.

Ta ce: "Inna, tun ranar suna ban yi addu'a ba. In na rufe ido na ce Uba, sai barci ya kwashe ni, ko shi ya farka. Littafin ga shi can ƙarƙashin kayan yaro, ko buɗe shi ban yi ba. Kuma wata uwa daga majami'a ta aiko a ce mini na yi sanyi, wai tun da Allah ya ba ni abin da nake nema na juya mishi baya."

Ku fahimci nauyin maganar nan. Yarinyar ta yi shekara biyu da aure ba ciki, da ya zo ya zube, sai wannan. Duk majami'a ta san yadda take durƙuso tana roƙo. Yanzu an ce mata ta ci amanar wanda ya ba ta. Abin da ke hana ta barci, ko a ɗan lokacin da yaron ya yi shiru, shi ne tsoron kada Allah ya karɓi abinsa. Tana tashi cikin dare ta kai yatsa hancinsa ta ji ko yana numfashi. Kunyar bashi ta hana ta zuwa ƙungiya, kunyar Allah ta hana ta zuwa sujada, ta zauna ita kaɗai tsakanin bango huɗu da jariri.

Na san yawancin masu karanta jaridar nan Musulmi ne, mu Kirista ko ɗaya cikin 100 ba mu kai ba a ƙasar. Amma kusan duk inda kuka ga majami'a, a Maraɗi, Tsibiri, Damagaram, Galmi, Dogon Dutsi ko Yamai, akwai ƴan uwanmu cikin ƙungiyoyin asusu, suna zubi tabarma ɗaya da ku. Bari in ɗan faɗi yadda ibadarmu take, don ku gane abin da yarinyar nan take ganin ta rasa.

Addinin ya shigo mana ne tare da karatu. Ƴan mishan na SIM sun fara zama a Damagaram a 1924, daga baya suka zo Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. An gama fassara Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, kuma duk wanda ya bi su, abin farko da ake koya masa shi ne ya iya karanta shi da kansa. Kakata ba ta taɓa shiga lakwal ba, amma tana bin layi da yatsa tana haɗa baƙi. Haka muka taso: da asuba maigida ya tara iyali, a yi waƙa daga littafin waƙoƙi, a karanta sura, a yi addu'a, sannan kowa ya kama aikinsa. Da dare a sake. A majami'armu Laraba akwai addu'a, akwai ranar Zumuntar Mata, Lahadi kuma sujada takan ci awa biyu zuwa uku. Duk abin nan yana son abu biyu: zama wuri ɗaya da kuma hankali kwance. Su ne kuwa abu biyun da jariri yake fara ƙwacewa.

Sabon jariri yana shan nono sau 8 zuwa 12 tsakanin safiya da wata safiya. Bai san dare ba, bai san Lahadi ba. Ki ƙara da wanka safe da yamma, wankin tsummoki, ɗibar ruwa a famfo, girki, da baƙi masu zuwa barka. Mace da ba ta samu barcin awa uku a jere ba tsawon sati shida, ko lissafin zubinta kika tambaye ta sai ta ruɗe, balle ki ce ta zauna ta bi wasiƙar Bulus aya aya.

Da na koma na ba Hajiya labari (da izinin yarinyar, ban da abin da ta ce in rufe), sai ta riƙe baki. Ta ce: "Ikon Allah! Mu ai maijego an ɗauke mata salla har jinin biƙi ya ɗauke, kuma ba ta ramawa. Azumi kaɗai take ramawa. Ku ba a ɗauke muku kome ba?" Na yi shiru, don tambayar ta shige ni. Mu ba mu da ƙayyadaddun lokutan salla, ana koya mana cewa ko yaushe, ko a ina, cikin kowane hali, mutum yana iya magana da Allah. Wannan sauƙi ne babba. Amma ga mace mai tsoron Allah da ta gaji, sauƙin yakan juye ya zama kaya: tun da ba a ce mata ga iyaka ba, ba ta san inda za ta ce na yi iyakar ƙoƙarina ba. Kullum gani take da saura.

Daren nan na ɗauko Littafina na nemi mata masu jego a ciki. Suna nan, sai dai ba a cika yin wa'azi a kansu ba, watakila don masu wa'azin ba su taɓa shayarwa ba. A Littafin Sama'ila na fari, sura ta 1, akwai Hannatu, wadda ita ma ta daɗe tana roƙon haihuwa da kuka. Mijinta Elkana yakan kwashi iyali kowace shekara su je Shilo yin sujada. Da ta haifi Sama'ila, lokacin tafiya ya zo, ta ce ba za ta je ba sai ta yaye yaron. Mijin ya yarda. Ku kuma kun san yaye ba abin wata ɗaya ba ne, ko a nan sai a kai shekara biyu. Babu inda aka ce ta yi sanyi, babu wanda ya aika mata da gori. A Littafin Firistoci sura ta 12 kuma, an ba matar da ta haifi namiji kwana 40 ba ta zuwa wurin sujada, wadda ta haifi mace kwana 80. Mu Kirista ba ma bin wannan a matsayin doka, amma ko Maryamu uwar Yesu sai da kwanakin suka cika sannan ita da Yusufu suka kai shi Haikali, kamar yadda Luka ya ba da labari a sura ta 2. Ashe arba'in ɗin da iyayenmu suke kiyayewa ba baƙuwa ba ce a Littafin.

Akwai dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Haihuwata ta biyu ɗiya mace ce. Ta yi wata biyu da ƴan kwanaki, da damina, zazzaɓi ya kama ta, ta koma. Lokacin ina da wani yaron a hannu, ga noma, rabona da durƙuso na manta. Ba wanda ya ce mini laifina ne. Ni na faɗa wa kaina, kuma na yi shekaru ina ɗauke da shi, ko maigidana ban gaya wa ba. Sai da na shiga karatun yaƙi da jahilci, aka zo darasin sauro da zazzaɓi, na zauna na yi lissafi: ba mu da gidan sauro, kuma kwana uku muka yi muna jiƙe-jiƙe kafin mu kai ta likita. A ranar na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka rufe ta. Don haka da yarinyar nan ta ce tana tsoron Allah ya karɓi abinsa, na san ramin da take leƙawa, na taɓa zama a cikinsa.

Abin da na fara yi, na koma na karanta mata labarin Hannatu, tana shayarwa ina karantawa. Ban yi mata wa'azi ba. Da na kai wurin da Hannatu ta ce ba za ta je ba, sai ta ɗago kai ta ce: "Inna, sake karanta wurin nan." Na sake.

Sai maganar mijin. Ɗan kabu-kabu ne, babur ɗin ma ba nasa ba, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin yini kafin ya ga nasa. Yana cikin mawaƙan majami'a, amma tun suna bai koma ba. Yana fita tun duhu, ba ya shigowa sai bayan ƙarfe 10. Ni da maigidana muka tare shi wata Lahadi da yamma, don akwai maganar da namiji ba ya ji sai daga bakin namiji. Ya ce: "Baba, ni ma rabona da Littafi tun ranar suna. In na shigo na gaji, in na zauna bashi nake gani. Jika 40 na akwati, ga na mai shinkafa, ga haya. Da wane baki zan tsaya gaban jama'a in yi waƙa?"

A nan ne na ga inda bakin zaren yake. Kuɗin da matar ta ɗauka da sunanta, rago aka saya da shi, aka yi hayar kujeru da rumfa, don kada a ce ɗan fari ya zo ba a yi kome ba. Wuni ɗaya aka cinye, bashin kuma ya kori uba daga gida wata uku, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Maigidana ya tuna masa cewa a labarin nan na Luka, abin da Yusufu da Maryamu suka kai Haikali tsuntsaye biyu ne, wato hadayar da doka ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Ba su ci bashi don a gan su ba. Mu ma shugabannin ƙungiya da laifinmu. Da ta ce tana son jika 40, na san ba sana'a za ta yi da su ba, kowa ma ya sani, amma muka ƙirga muka ba ta don ana jin kunyar hana mai ciki.

Ba mu ɗora musu wani dogon tsari ba, wanda zai karye cikin kwana uku ya ƙara musu jin laifi. Maigidana ya ce masa abu ɗaya: ka shigo da wuri ko da awa ɗaya ce, ka karɓi yaron ka saɓa a kafaɗa, ita ta ci abinci da hannu biyu, kai kuma ka karanta da ƙarfi abin da ya samu. Zabura ta 117 aya biyu ce tak. Addu'ar Ubangiji ko minti ɗaya ba ta kai ba. In ta yi barci kana cikin karatu, kada ka tashe ta, ka ƙarasa ka ce amin a madadinku duka. Ya yi dariya ya ce in abokansa ƴan tasha suka ji yana jijjiga jariri za su ce ya zama mijin-ta-ce. Maigidana ya ce: "Cikin ɗakinka wa ke ganinka? In ma sun gani, ɗan wa ka ɗauka?" (Shi da kansa sai a haihuwa ta huɗu ya koyi wannan, amma ban tona shi a gaban yaro ba.)

Ita kuma na ce ta bar jiran lokacin da za ta zauna tsaf da wanka da ɗankwali ta buɗe Littafi, lokacin nan ba zai zo bana ba. In ta sa yaro a nono, ta ambaci mutum ɗaya a gaban Allah, ko ta ce na gode, ko ta ce na gaji, duk addu'a ce. Waƙar da take rarrashinsa da ita ta zama ɗaya daga waƙoƙin sujada da ta haddace tun tana yarinya. Wani saurayi a majami'a ya sa mata karatun Sabon Alkawari da Hausa cikin salularta, irin wanda ake ji da kunne, tana wanki tana saurare. Ta ce mini rabin abin yana wuce ta, hankalinta yana kan yaro. Na ce rabin da ya shiga fa?

Inda na fi jin kunya shi ne wajenmu mata. Al'adarmu a Zumuntar Mata in an haihu, mu sa anko mu 15 ko 20 mu je rana ɗaya, mu cika ɗaki, mu yi waƙa da tafi, a yi doguwar addu'a, mu ajiye sabulu, mu sha kunun da maijegon ce ta yi ɗawainiyarsa, mu tafi. Shi ke nan mun fita hakki. Bayan fitarmu ita za ta wanke kofuna. Na kai maganar gaban mata, muka canza: ban da zuwan gayya, sai a riƙa zuwa bibbiyu, sau biyu a sati, har wata uku. Ɗaya ta ɗauki bokiti ta nufi famfo ko ta zauna bakin wanki, ɗaya ta karɓi jariri. In maijego tana son karatu a karanta mata, in barci take so a bar ta ta yi, a yi mata addu'ar a zuci. Ba a dama wa kowa kome. Wasu sun ce wannan ai aikatau ne ba zumunta ba. Na ce su kira shi duk abin da suke so, in dai za su zo.

Wadda ta fi mu zuwa kuwa Hajiya ce, don gidanta ya fi kusa. Wata rana na shiga na iske ta zaune a tsakar gida, ta goya yaron da mayafinta, tana jan carbi tana jijjiga shi. Na ce ina uwar? Ta nuna ɗaki da haɓa ta ce: "Na ce ta ba ni shi nan ta je ta yi karatunta. Kada ki shiga, yanzu ta buɗe." Na zauna kusa da ita muka yi ta hirar tsadar hatsi ƙasa-ƙasa har yarinyar ta fito.

Wani abu kuma da ba zan tsallake ba, don na ga masu cewa a yi ta addu'a kawai. Asibitin Galmi masu addu'a ne suka gina shi. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi taune-taune, ko cibiya tana ruwa, a yi addu'ar a kan hanyar likita. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake wani lokacin magani ya ƙare sai a rubuta miki ki saya. Allurar rigakafi tana nan ranar haihuwa, da sati 6, 10 da 14, sai wata 9. Uwa ma haka: jini mai yawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa da haki. Tun shekarun 1970 masu aikin asibiti a Zariya suka lura cewa ruwan wanka mai tsananin zafi da yawan kunun kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na roƙi tsohuwar da ke mata wanka ta sirka ruwan, ta rage kanwa. Ta harare ni, amma ta rage. Sannan akwai baƙin cikin da ke sauko wa wasu mata bayan haihuwa. Na ƴan kwanaki kusan kowa takan yi. Amma in ya wuce sati biyu, mace ba ta ci, ba ta barci ko yaro ya yi barci, tana kuka ba dalili, tana cewa gara ba ta, wannan ciwo ne, ba rashin bangaskiya ba ne kuma ba iskoki ba ne. Na raka yarinyar nan awo na sa ta faɗa wa ungozomar likita da bakinta, aka duba ta, aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta magani aka ce ta dawo.

Ta koma sujada yaron yana da wata uku da rabi. Lahadin farko ko wa'azi ba a fara ba ya tsala kuka, kawuna suka juyo, ta tashi ta fita da sauri kamar ɓarauniya. Na bi ta. A waje ƙarƙashin bedi na iske wasu mata uku tsaye da goyo, kowace tana jijjiga, ba wadda ke jin abin da ake faɗa a ciki. Shekara nawa ana haka ban lura ba, don nawa sun girma. Muka yi wa dattawa magana. Yanzu akwai tabarma biyu a inuwa dab da taga, da randar ruwa, an kuma juyo da lasifika ɗaya wajen. Ranar jibin Ubangiji mai rabawa yana fitowa har can. Fasto kuma ya yi magana daga gaba, ya tuna wa jama'a yadda almajirai suka tsawata wa masu kawo yara wurin Yesu, shi kuma ya tsawata wa almajiran. Har yanzu akwai masu juyowa, amma sun ragu.

Uwar da ta aika da saƙon nan na same ta ni da ita. Ba muguwa ba ce. Ta haifi 9 a ƙauye cikin babban gida, ga uwarta, ga ƙannenta, ga matan ƴan uwan miji, hannu goma ke karɓar jariri kafin ya buɗe baki. Ba ta san yadda jego yake a ɗakin haya a birni ba, inda maƙwabciyarki ma ba ta san sunanki ba. Ta ce ita gyara ta yi, kuma ba ta ce ta yi kuskure ba har yau. Amma ranar da aka keɓe yaron a gaban ikilisiya, ita ta karɓe shi daga hannun uwar ta riƙe har aka tashi.

Saura maganar akwati, kuma nan ne ba mu gama ba. Na kawo shawara cewa duk wadda ta haihu, Musulma ko Kirista, a ɗauke mata tara har wata biyu, zubinta ya jira ta, in ta dawo ta cika a hankali kafin rabo. Wannan an yarda da shi ba musu, an rubuta a doka, tarar yarinyar ma aka soke. Shawara ta biyu, cewa ribar bashi ta tsaya cikin waɗannan wata biyun, ita ta jawo hayaniya. Magatakardarmu ta ce a ƙungiyar da mutum huɗu ko biyar ke haihuwa kowace shekara, in an yi haka wasu za su riƙa ɗaukar bashi da wata tara don su ci bulus, akwati ya rame. Tana da gaskiyarta. Ta uku kuma, cewa kada a ƙara ba da bashin akwati don suna, sai dai a ba maijego wani abu daga asusun taimako wanda ba a biya, ta raba mu gida biyu. Wasu suka ce in ba mu ba ta ba, wajen mai riba mai tsada za ta je, gara namu. Mun ajiye biyun nan sai ranar rabo a kaɗa ƙuri'a. Ƙungiyoyin Tawa, Damagaram da Yamai, in akwai wadda ta riga mu warware wannan, ku aiko wa jaridar nan da yadda kuka yi kafin lokacin.

Yarinyar ta biya jika 31 cikin 40, ban da riba. Mijin ya koma cikin mawaƙa, ko da yake ba kowane gwaji yake zuwa ba. Na tambaye ta makon jiya ko suna karatun dare har yanzu, ta ce wata rana a yi, wata rana barci ya riga su. Alhamis da ta wuce ta zo da yaron, yana rarrafe yanzu, muna cikin kiran suna ya nufi akwati ya kama kwado ɗaya yana ja da baki, sai da Hajiya ta ɗauke shi ta ɗora a cinya sannan muka iya buɗewa.